Kafin ka sayi babbar sifika, saurari ɗakinka

Duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon kayan sauti a Zongo Lane ko a wajen Circle ya san yadda ake cinikin sifika a Akra. Mai shago zai jona waya, ya murɗa maɓallin ƙara har gilashin kanta ya fara karkarwa, sannan ya dube ka ya ce, "Alhaji, ka ji bes?" In ƙirjinka ya amsa, ciniki ya faɗa. Ba mai tambayar girman ɗakin da za a kai ta, ba mai tambayar abin da za a saurara da ita. Da wannan awon muka raini kunnenmu a Nima da Mamobi da Sabon Zongo: abin da ya fi girgiza bango shi ya fi kyau.

A ganina awon nan kuskure ne, kuma babu abin da ke tona asirinsa kamar kiɗan simfoni, wato kiɗan babbar ƙungiyar makaɗa mai mutum 70 zuwa 100, da masu goge manya da ƙanana, da masu busa, da masu ganguna. Wanda yake son irin wannan kiɗa ya ratsa shi a gidansa, ɗaki ya kamata ya ci kuɗinsa na farko kafin akwatin sauti. Shirun da yake bukata kuma rabinsa a hannun unguwa yake.

Sirrin yana cikin tazarar da ke tsakanin raɗa da tsawa. Waƙoƙin da ake bugawa a rediyo da wajen awure an matse su tun daga situdiyo, ta yadda wuri mafi sanyi da wuri mafi ƙarfi da ƙyar suke bambanta da desibel 10, desibel kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara. Da gangan aka yi haka, don a ji su cikin turoturo da tsakiyar kasuwa. Kiɗan babbar ƙungiya kuwa, in an ɗauke shi da kyau, tazararsa takan kai desibel 40 zuwa 50. Ɗauki Boléro na Maurice Ravel, ɗan Faransa, na 1928. Kusan minti 15 ne, yana farawa da ƙaramar ganga guda tana bugu can ƙasa-ƙasa kamar tafiyar zabo a kan busasshen ganye, sarewa ɗaya ta shigo, daga nan abin ya yi ta hauhawa ba tare da ya sauka ba har makaɗan gaba ɗaya su rufta a ƙarshe. Dukkan daɗinsa a hawan nan yake. Wanda bai ji farkon ba, ƙarshen zai zo masa a matsayin hayaniya kawai.

Ga lissafin. A ce ɗakinka, fankar silin tana juyawa, firij yana gurnani, surutun tsakar gida yana shigowa ta tagar luba, yana da ƙarar desibel 50. Kafin ka ji ƙaramar gangar nan sai ka ɗaga ta zuwa kamar 55. Ƙara 45 a kai, ƙarshen kiɗan zai faɗo maka a desibel 100, ƙarar da ke sa mutum ya zabura ya rage, maƙwabci kuma ya buga ƙofa. Da zarar hannunka ya koma kan maɓalli, kana ƙarawa a wuri mai sanyi kana ragewa a wuri mai ƙarfi, ka rushe ginin da mawallafin ya yi. Amma in ɗakin ya sauka zuwa desibel 35, farkon zai zauna a 40, ƙarshen a 85, hannunka yana kan cinyarka tun daga farko har ƙarshe. Kowane ƙarin desibel 3 yana bukatar ninka wutar amfilifaya, wato na'urar da ke ba sifika ƙarfi, sau biyu, kowane desibel 10 sau goma. Desibel 15 ɗin da ka rage daga hayaniyar ɗaki daidai yake da ninka ƙarfin na'urarka sau 30. Babu shagon da zai sayar maka da wannan. Manhajar auna ƙara ta waya ba ta cika daidai ba, amma ta isa ta nuna maka bambanci: auna fanka tana kunne, auna tana kashe, ka gani da idonka.

Sai amsa-kuwwa, kuma a nan gine-ginenmu suka fi cutar da mu. Shiga ɗakin da aka gama yi wa tayil da filasta, ba a sa kaya ba, ka tafa hannu sau ɗaya. Za ka ji wani "zirrr" yana bin tafin, sauti ne ke kai-komo tsakanin bango biyu masu fuskantar juna. Wallace Sabine, malamin kimiyya a Harvard wanda ya tsara sautin zauren kiɗa na Boston da aka buɗe a 1900, shi ya fitar da lissafin wannan abu: ka ninka girman ɗaki a mita kubik da 0.161, ka raba da jimillar faɗin abubuwan da ke shan sauti, sai ka sami sakan nawa sauti ke ɗauka kafin ya mutu. Ɗakin haya na ƙafa 12 da ƙafa 12, tsayin ƙafa 10, kusan mita kubik 41 ne. Siminti da tayil ba sa shan fiye da kashi 2 ko 3 cikin 100 na sautin da ya same su, don haka ɗakin nan in babu kaya amsa-kuwwarsa takan kai sakan 2 zuwa 3.

Wani zai ce ai manyan zauruka ma haka suke, zauren Musikverein na Biyana, babban birnin Ostiriya, da aka buɗe a 1870 kusan sakan 2 ne. Gaskiya ne, amma amsa-kuwwar zauren tana cikin faifan tun ranar da aka ɗauka. In ɗakinka ya ɗora tasa a kai, ka zuba miya a kan miya. A babban zaure bangon yana da nisa, sauti yakan ɗan jima kafin ya dawo, sai ya lulluɓe mutum. A ƙaramin ɗaki yana dawowa nan take ya cakuɗe da na asali, gogen hagu da na dama su zama kunu ɗaya. Abin da ɗakin sauraro ke bukata sakan 0.3 zuwa 0.5 ne. Don a kai 0.4 a ɗakin da muka ɗauka, ana bukatar kamar murabba'in mita 16 na shan sauti. Ɗakin kansa ya ba da 2 ko 3. Doguwar kujerar kushin mai yadi, ba ta leda ba, ta ba da 2 zuwa 3. Kafet mai kauri na mita 2 da mita 3 ya ba da kusan 2. Labule mai nauyi mai tattara a taga da ƙofa ya ba da 3, kuma a Kantamanto ana samun irinsa da araha. A sayi yadin da ya ninka faɗin tagar sau biyu don ya yi tattara sosai. Mutum biyu a zaune su ba da 1. Kantar littattafai mai littattafai manya da ƙanana ta sha kaɗan ta watsa sauran. Abin da ya rage, kamar 4, sai an haɗa shi da hannu.

Kafinta ya yi maka firam na katako, santimita 60 da 120, zurfin santimita 10, guda shida. A cika shi da audugar gilashi ko ta dutse irin wadda ake shimfiɗawa ƙarƙashin kwanon rufi. Mai aikin ya sa safar hannu ya rufe hanci, don tana cin fata tana shiga ƙirji. In ba a samu ba, tsofaffin barguna da aka ninke suna aiki. A rufe da yadin da iska ke ratsawa. Gwajin mai sauƙi ne: kara yadin a bakinka ka hura, in ka ji iska a tafin hannunka ta ɗaya gefen, ya yi. Sabuwar atamfa mai ƙarfi sau da yawa ba ta wucewa sai an wanke ta. A rataya shi da tazarar santimita 5 daga bango, wannan yana ƙara masa aiki, kuma yana hana danshin damina ya kama bayansa ya yi funfuna. Soson katifa da audugar rimi suna shan sauti, amma dukansu wuta na cin su kamar fetur, hayaƙin soso kuma guba ne. Ban yarda a manna su a bangon da soket yake ba, ko a ɗakin da ake kunna kyandir ko maganin sauro.

Kwalin ƙwai da ake mannawa a ƙananan situdiyo ɓata gam ne. Dalilin a tsawon igiyar sauti yake. Abu yana shan sauti sosai ne in kaurinsa ya kai kwatan tsawon igiyar. A zafin Akra sauti yana gudun kusan mita 349 a sakan. Siririn sauti mai karkarwa 1,000 a sakan, wato Hz 1,000, tsawon igiyarsa santimita 35 ne, kwatansa kusan 9, shi ya sa aka ce zurfin firam ya zama 10. Sauti mai kauri na Hz 100 kuwa tsawonsa mita 3.5 ne, kwatansa santimita 87. Kwali mai kaurin farce ba ya ko ganin wannan. Wanda ya lulluɓe ɗaki gaba ɗaya da siririn abu, ya kashe ƙyallin goge da sarewa ya bar gurnani yana mulki, ɗakin ya fi da muni.

Gurnanin nan shi ne babbar cutar ɗaki mai murabba'i. Kowane ɗaki yana da muryoyin da yake kumburawa, kamar yadda tulu ke amsawa in ka hura bakinsa. Raba gudun sauti da ninki biyu na tsawon ɗaki: 349 a raba da 7.3 ya ba da Hz 48, sai 'ya'yansa 95 da 143. Tun da faɗi da tsawo ɗaya ne, bango huɗu duk murya ɗaya suke kumburawa, abin ya ninku. Tsayin silin ya ƙara nasa a 57 da 114. To, a nan manyan goge suke zaune: igiya mafi kauri ta babban gogen da ake kaɗawa a tsaye Hz 41 ce, ta calo, wanda ake riƙewa tsakanin gwiwoyi, Hz 65, manyan gangunan tagulla kuma daga kamar 70 zuwa sama. Makaɗi yana tafiya daki-daki daga murya zuwa murya, amma ɗakinka ya ɗaga ɗaya kamar aradu ya haɗiye ta kusa da ita. Sa sautin gwaji na Hz 48 daga waya ta cikin na'urarka ka zagaya ɗakin a hankali. A kusurwa zai cika maka kai, a tsakiyar ɗaki daidai zai kusan ɓacewa. Maɓallin bes ba ya gyara wannan, domin wurin da sauti ke soke kansa, ko ka ƙara wuta ƙarin ma soke kansa zai yi.

Maganin farko kyauta ne, wato matsar da kujera. Kada ta manne da bangon baya, inda bes ke taruwa, kada kuma ta zauna a tsakiya. Masu aikin sauti sukan fara daga kashi 38 cikin 100 na tsawon ɗaki, a ɗakinmu kenan kan mai sauraro ya kasance kamar mita 1.4 daga bangon baya, sannan a yi ta matsawa taƙi-taƙi har manyan gogen su daidaita. In ciki da falo ne, bar ƙofar ciki a buɗe, bes ya sami hanyar fita. Katifa da aka jingine a tsaye a kusurwa, ko tulin barguna da buhun tufafi a saman wadirob, sun fi kowane siririn abu rage gurnani. Silin filawud ma yana da alherinsa, yana lanƙwasawa ya sha bes, abin da rufin kankare ba ya yi. Mai gini kuwa, tun ran gini tun ran zane: falon ƙafa 12 da 15 ya fi na 12 da 12 nesa ba kusa ba, bambancin kuɗin kuma bulo ne kaɗan.

Yanzu sifikun kansu. Sitiriyo, wanda Alan Blumlein ya yi wa rajista a Ingila a 1931, dabara ce ta yaudarar kunne biyu da sifika biyu har su ga fili a gabansu. A zaman da aka fi sabawa da shi, ƙananan goge suna hagu, calo da manyan goge suna dama, masu sarewa da algaitun Turai a tsakiya, masu ƙahon tagulla da ganguna a baya. Dabarar ba ta aiki sai sifika biyu da kan mai sauraro sun yi kusurwa uku mai gefe daidai. A ɗakinmu mita 1.8 zuwa 2 tsakanin sifikun, haka kuma daga kowace zuwa kujera, a auna da tef, domin bambancin santimita 10 ya isa ya janye tsakiyar zuwa gefe ɗaya. Ƙaramin bakin da ke fitar da siririn sauti, tuwita, ya yi daidai da tsayin kunne a zaune, kamar santimita 90 zuwa 100 daga ƙasa. Bulo biyu ko uku da aka ɗora a rufe da yadi sun isa matashi, a sa guntayen roba huɗu a ƙarƙashin sifikar. A karkato su kaɗan su kalli kafaɗun mai zama. Abin da ake gani a gidaje da yawa, ɗaya a cikin dibaida ɗaya a saman firij, ko duka biyun a rataye can kusa da silin, ya kashe sitiriyo tun kafin a kunna.

Nisan sifika da bangon da ke bayanta ma yana da lissafi. Bes yana fita ta ko'ina, ya bugi bangon ya dawo ya soke wata murya. In fuskar sifika tana mita 1 daga bango, ramin zai faɗa a Hz 87, a cikin muryoyin calo masu kauri. In rabin mita ce, ya hau zuwa 175, inda firam ɗin da ka rataya a bayanta zai iya taimakawa. Don haka a ƙaramin ɗaki gara a matso da su kusa da bango, a bar santimita 15 zuwa 20 in ramin iskarsu a baya yake. In bes ya yi yawa, cusa safa a ramin. Firam biyu mafi muhimmanci kuma madubi ne zai nuna wurinsu: zauna a kujera, wani ya ja madubi a jikin bangon gefe a tsayin kunnenka, duk inda ka hango sifika a ciki, nan sauti ke karyowa zuwa gare ka, nan za a rataya. Haka a ɗaya gefen. Teburin gilashi na tsakiyar falo shi ma madubin sauti ne, a janye shi ko a rufe shi da darduma.

Kuskure ɗaya yana da yawa har ya kamata kowa ya duba yau: juya waya. In jan waya ya tafi jan baki a sifika ɗaya, a ɗayar kuma aka juya, ɗaya tana turawa ɗaya tana ja, bes ya zube, tsakiya ta watse. Kama tashar labarai. Muryar mai karatu ta tsaya cak a tsakiyar sifikun kamar mutum yana wurin. In tana yawo a kai ba ta da mazauni, an juya. A tsohuwar sifika da alamarta ta goge, taɓa batir ɗin AA mai bolt 1.5 a bakin wayoyin na ɗan lokaci. In takardar babban bakin ta turo waje, wayar da ke gefen batir mai alamar + ita ce ja.

Game da na'urar, magana ba ta da tsawo. Sifika mai desibel 87 a wat 1 a nisan mita 1, in aka zauna a mita 2 ta rasa 6, biyunsu da taimakon ɗaki su mayar da kamar 4. Wat 1 kenan ya ba ka kusan 85, wat 10 ya ba ka 95, wat 40 ya haura 100. Amfilifaya mai wat 40 zuwa 50 na gaskiya a kowane gefe ta wadatar. "Wat 3,000" da ake bugawa a kwali da alamar PMPO lambar talla ce. Juya bayan na'urar ka karanta wutar da take sha, abin da ke shan wat 60 ba zai dinga fitar da fiye da haka ba. Irin saitin nan mai ƙananan akwatuna biyar kamar gwangwanin madara da babban akwatin bes guda, an yi shi don harbe-harben fim. Ƙananan ba sa sauka ƙasa, babban ba ya hawa sama, ramin da ke tsakaninsu kuma daidai inda jikin calo da muryar namiji suke. Sifika biyu nagari masu baki na inci 5 ko 6 sun fi su. A daidaita maɓallan bes da tirebul a tsakiya. Wayar tagulla mai kaurin murabba'in milimita 1.5, irin ta wayarin gida, ta isa in nisan bai wuce mita 5 ba. A kankare bakinta, in fari ya bayyana alminiyom ne aka shafa wa jan launi.

Tsofaffin kayan da ake shigowa da su daga waje sau da yawa sun fi sababbin kwali inganci, amma a duba da kyau. Wutarmu bolt 230 ce. Kayan Amurka na 120 ne, na Japan na 100, wanda ya soka su kai tsaye hayaƙi zai gani. Sai da taransifoma mai rage wuta wadda ƙarfinta ya ninka abin da na'urar ke sha. A dubi zoben soso da ke zagaye da bakin sifika, zafi da danshin bakin teku suna ruɓar da shi har ya zama gari. Ana sauya shi, amma a cire kuɗin gyaran daga farashi. A tura takardar a hankali da yatsu, in an ji gogayya, ta ƙone a ciki. A kara kunne a kowace tuwita, don sau da yawa ɗaya a mace take, kuma abin da ke kashe ta ƙaramar amfilifaya ce da aka matsa wa har sautinta ya fashe. Ƙurar hunturu tana sa maɓalli ƙarƙara, maganinsa feshin wanke wayoyi, ba man keke ba. Amfilifaya ita ake kunnawa ƙarshe, ita ake fara kashewa. Ranar dumso a zare filogi, in wuta ta dawo a ba ta 'yan mintuna ta zauna. Abin da za a buga kuma, fayil ɗin da ya bi ta hannu goma a WhatsApp ya riga ya rasa ƙyallinsa. Ingancin faifan CD yana cin kusan megabait 10 a minti, fayil irin na FLAC, wanda ake matsewa ba a rage inganci ba, kusan rabin haka, simfoni na minti 35 bai kai megabait 200 ba. A sauke sau ɗaya a ajiye.

Duk wannan yana hannun mutum. Abin da ba ya hannunsa shi ne abin da ke shigowa ta taga. Firam da labule suna gyara sautin cikin ɗaki ne kawai, ba sa tare na waje. Tare sauti sai nauyi da toshe kafa: ninka nauyin bango ko ƙofa sau biyu yana rage kamar desibel 6, tazarar yatsa ɗaya a ƙarƙashin ƙofa kuma tana zubar da ribar. Robar ƙofa da ƙofar katako mai nauyi suna taimakawa. Tagar luba kuwa rariya ce, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, in an toshe ta kuma zafi ya kori mutum. Mai gidan haya a Nima ba shi da ikon sauya ta ma.

Shi ya sa nake cewa wannan magana ta jama'a ce. Hukumar kare muhalli ta EPA ta sa iyakar ƙara a unguwannin zama: desibel 55 da rana, 48 da dare daga ƙarfe 10. Wa ya taɓa ganin an zo da ma'auni wajen masu sifina da suka jera akwatuna a bakin layi tun la'asar? A 2018 ministan muhalli na lokacin, Farfesa Kwabena Frimpong-Boateng, ya kawo shawarar a riƙa kiran salla ta saƙon waya. Shawarar ta ɓata wa Musulmi rai, kuma da dalili: kiran salla 'yan mintuna ne, ba shi ke hana unguwa sakat ba. Amma fushin nan bai kamata ya rufe mana ido daga namu laifin ba. Awure da suna da ake tare hanya a kwana ana bugawa, wa'azin da ake barin lasifikar waje a kunne alhali masu sauraro duk suna ciki, coci mai kwanan addu'a, mai sayar da magani da ƙahonsa, janaretan shago da ba a yi wa akwati ba. Kowace shekara, wajen Mayu zuwa Yuni, sarakunan Ga suna hana kiɗa da hayaniya na kusan wata guda kafin bikin Homowo, kuma garin yakan lafa har kunne ya shaida. Abin da al'adar masu gari ta iya na wata guda, sarakunan Zongo da limamai da 'yan majalisar unguwa za su iya shi na sa'o'in dare: a juya akwatuna su kalli taron maimakon gidajen mutane, a sa lokacin tashi, a kashe ƙahon waje in an gama kira. Mai jinya da ɗalibi da jariri sun fi mai simfoni bukatar wannan.

Akwai mai cewa kiɗan Turawa ne, ina ruwanmu. Gana tana da ƙungiyar simfoni ta ƙasa tun 1959, zamanin Kwame Nkrumah, ƙarƙashin Philip Gbeho wanda ya tsara kiɗan taken ƙasa, kuma mazauninta Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa ne da aka buɗe a 1992, tafiyar mota ɗaya daga Nima. Duk mai gyara ɗaki ya je ya zauna a gabansu ko sau ɗaya, don ya san abin da yake nema. Kunnen da ya saba raba kakaki da algaita da tambari a ƙofar fada, ya kuma ji maganar da kalangu ke yi a ƙarƙashin waƙa, ba baƙo ba ne ga sauraron murya da yawa a lokaci guda. Wanda kuma ba ya sauraron kiɗa saboda fahimtarsa ta addini, lissafin Sabine bai bar shi ba. Ɗakin da ke fitar da calo tsaf shi ke fitar da gunna da madda a tilawa, kuma masallatanmu da aka lulluɓe da tayil daga ƙasa har sama, inda sahun baya ba ya gane huɗuba sai a ƙara lasifika abin ya ƙara dagulewa, ciwon ɗaya ne, maganin ma ɗaya.

In an gama gyara, ga gwajin da ya dace. Nemi simfoni na biyar na Beethoven, mawallafin kiɗa ɗan Jamus, wanda aka fara kaɗawa a Biyana a 1808. Fara da kashi na huɗu, saita ƙara inda ya cika ɗaki ba tare da ka yamutsa fuska ba, kamar desibel 85 zuwa 90 a wuri mafi ƙarfi, sannan ka koma ƙarshen kashi na uku, hannunka ya bar maɓalli. A can kiɗan yakan sauka har ya kusan ɗaukewa. Gangar tagulla guda tana bugu a hankali daga baya, gogen suna riƙe da dogon numfashi, ƙananan na hagu su fara lalube sama-sama kamar mai neman ƙofa a duhu. Ya kamata ka ji fatar gangar, kowane bugu daban, daga wuri ɗaya can bayan sifikun. Daga nan abin ya kumbura cikin 'yan sakanni, manyan ƙahonin tagulla da suka yi shiru tun farkon simfonin su shigo a karon farko. In bugun gangar ya zame maka gurnani ɗaya, matso da kujera gaba taƙi guda ka sake. In ba ka ji shi ba sam, kashe fankar, jira layin ya yi barci, ka sake sawa.